Kunnen Ƙashi Ko Kunne Mai Ciwo?

Kalmar "ji" a harshenmu jaka ce mai ɗaukar kaya da yawa. Da ita ake jin sauti, da ita ake jin yunwa, da ita ake jin wani yare, da ita kuma yaro yake jin maganar na gaba da shi. Shi ya sa idan aka ce "yaron nan ba ya ji", da wuya hankalin wani ya tafi kan kunne. Tarbiyya kowa yake kawowa a ransa. An gama shari'a ke nan: taurin kai ne, kunnen ƙashi ne, a nemo bulala. Ni kuwa na daɗe da gamsuwa cewa a cikin yaran da ake yi wa wannan shaida akwai da dama da maganar ta hau kansu a ma'anarta ta farko tsantsa. Ba sa ji ɗin. Sauti ba ya isa gare su yadda yake isa ga wanda suke zaune benci ɗaya da shi. Idan kuma ka bi sawunsu har gida, sau da yawa gidan marasa hali za ka tarar.

Na san haka ne ta hanya mai ɗaci. Lokacin da nake koyar da 'yan aji biyu na firamare, akwai wata yarinya da take zama can baya kusa da taga. Duk sanda na ba da aiki, ba ta taɓa fensirinta sai ta leƙa littafin ta kusa da ita. Idan ina bayani sai ta karkata kai gefe guda, ta ƙura wa bakina ido. Da na juya ina rubutu a allo ina magana, shi ke nan na rasa ta, ta koma wasa da bakin rigarta. Na rubuta mata "satar amsa" a raina, na kuma hore ta a kan haka fiye da sau ɗaya. Ranar da ta sunkuya gabana za ta ɗauki alli, sai na ga 'yar auduga a kunnenta na hagu, ta yi rawaya, ga wani ɗan wari yana tashi. Na sa aka kira mahaifiyarta. Ta zo a gajiye, da goyo a bayanta, ta ce mini: "Malam, ai ruwan kunne ne kawai. Tun tana nono yake yi mata, ya zo ya tafi. Ko ta yi wani laifin ne?" Ban sami amsar da zan ba ta ba, domin mai laifin yana tsaye a gabanta da rajista a hannu.

Wannan "ruwan kunne ne kawai" shi ne tushen maganar. A bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, wanda wata siririyar hanya ta haɗa shi da bayan hanci. A jikin yaro hanyar gajera ce kuma kusan a kwance take, don haka mura kaɗan ta isa ta toshe ta, ruwa ya taru a ɗakin. Yawancin yara, na mai kuɗi da na talaka, sukan yi wannan aƙalla sau ɗaya kafin su shiga makaranta. Sau da yawa babu zafi, babu zazzaɓi, yaro yana ta guje-gujensa. Abin da ya canza kawai shi ne duniya ta koma masa kamar ya toshe kunnuwansa da yatsu. Baƙaƙe marasa ƙarfi irin su s da f da sh da t su ne suke fara ɓacewa, wasula su saura. Ka ɗauki "fara" da "sara" da "tara" da "shara". A kunnen da ya cika da ruwa duk huɗun sun kusa zama abu ɗaya, sai yaro ya riƙa cike gurbin da hasashe. Babba yana iya wannan, domin ya riga ya san harshen. Yaro ɗan shekara biyu da yanzu yake tara kalmomin fa, da me zai cike?

Inda hanya ta rabu tsakanin gida da gida shi ne abin da yake biyo baya. A gidan da ake da sarari, ruwan yakan janye da kansa, in bai janye ba likita ya gani. A gidan da mutum bakwai suke kwana ɗaki ɗaya, mura ba ta fita, wannan ya warke wancan ya ɗauka. Hayaƙin taba da na girki yana ƙara fusata hanyar numfashi. Rashin cin abinci mai gina jiki yana rage wa jiki ƙarfin faɗa da cuta. Uwar da dole ta koma neman na sawa a baki da wuri ba kullum take samun damar shayarwa yadda take so ba, alhali nonon uwa yana cikin abubuwan da suke rage ciwon kunne. Sai ciwo ya maimaita, dodon kunne ya huje, mugunya ta riƙa fita wata da watanni, har mutanen gida su saba da ita kamar yadda ake sabawa da yoyon rufi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar duk al'ummar da wannan ciwo mai daɗewa ya kama fiye da kashi 4 cikin 100 na yaranta a matsayin wadda take cikin babbar matsalar lafiya. Kuma kada a ɗauka sai a ƙasashe matalauta. 'Ya'yan 'yan asalin Ostireliya suna cikin waɗanda suka fi kowa fama da shi a duniya, a ƙasar da take cikin masu arziki. Talaucin gida ne yake aiki, ko da ƙasar tana iyo cikin dukiya.

Ga kuma sauran ƙofofin da kurumta take shigowa ta cikinsu: ƙyanda, hangum, sanƙarau, rubela (wata cuta mai kama da ƙyanda) da take kama mai ciki, shawara mai tsanani ga jariri, doguwar naƙuda da take hana jariri iska, haihuwar bakwaini, da wasu allurai irin su jentamaisin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Ka duba jerin nan da kyau. Kusan kowanne akwai rigakafinsa ko hanyar tare shi, kuma kusan kowanne ya fi samun wanda asibiti ya yi wa nisa ko tsada. A annobar rubela ta 1964 zuwa 1965 an haifi jarirai kusan 20,000 a Amurka da lahanin cutar, dubbai daga cikinsu kurame. Allurar rigakafi ta zo, abin ya zama tarihi a can. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 kan ji, yara miliyan 34 ne suke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a ƙuruciya daga abubuwan da ake iya kaucewa yake zuwa. Ni a wurina wannan adadi na biyu ƙara ce aka shigar, kuma ba yara ake tuhuma ba.

Gaskiya ne akwai kurumtar gado, wadda ba ruwanta da aljihun uba. Jariri ɗaya ko biyu cikin kowane 1,000 ana haifarsa da raunin ji na dindindin, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kuramen yara iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zaton haka ba. Amma ko a nan ɗin hali yana shigowa ta ƙofar baya, wato ta lokacin da aka gane. Tun 1978 wani masani, David Kemp, ya gano cewa lafiyayyen kunne yana mayar da wani ɗan sauti idan aka aika masa da sauti, kuma daga nan aka samo gwajin da ake yi wa jariri yana barci, cikin 'yan mintoci, da wani ɗan abu mai laushi a bakin kunnensa. Ingila ta kammala shimfiɗa wannan gwaji ga dukkan jariranta a 2006. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce a gwada kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Binciken Christine Yoshinaga-Itano na 1998 a jihar Kolorado ta Amurka ya nuna cewa yaran da aka gane matsalarsu kafin wata shida sun yi wa waɗanda aka gane daga baya fintinkau a harshe. To wa ake gane nasa a wata shida, wa kuma sai ya kai shekara huɗu ana cewa nauyin baki ne, haka kawunsa ma ya yi? Daga cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 93 cikin 100 nasu ba su da ko ƙwararren mai gwajin ji guda ɗaya ga kowane mutum miliyan. Ko inda ƙwararrun suke, zuwa wurinsu yana cin kuɗin mota da yini guda na aiki, kuma mai aikin da ake biya kullum ya san abin da yini guda yake nufi. Yaron da bai ji magana ba, ba a kuma koya masa yaren hannu ba, shekarunsa na farko suna wucewa babu harshe ko ɗaya. Wannan asara ta fi ta kunnen girma.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba na asibiti ba ne. Shi ne na yaran da za a gwada kunnuwansu a ce lafiya lau, duk da haka saurare yana ba su wuya. Ji aikin kunne ne, saurare kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne: ta zaɓi murya ɗaya cikin goma, ta danne sauran, ta riƙe farkon jimla har ƙarshenta ya iso. Ba a haifar kowa da wannan gwaninta, koyonta ake yi, kuma inda aka koya yana barin tabo.

A 1973 wasu masu bincike, Sheldon Cohen da abokan aikinsa, suka je wasu dogayen benaye masu hawa 32 a birnin New York, waɗanda aka gina a kan wata babbar hanyar mota. Gini iri ɗaya, unguwa ɗaya. Yaran da suke hawan ƙasa, inda rugugin motoci ba ya yankewa, sun fi na hawan sama kasa bambance kalmomi masu kama da juna, kuma sun fi su rauni a karatu. Fassarar da suka yi wa abin tana da tsoratarwa: yaron da ya tashi cikin ƙara yana koyon yin kunnen uwar shegu da sauti don ya samu sakewa, sai dai ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa kan ƙarar mota kaɗai, tana haɗawa har da ƙananan bambance-bambancen magana ta watsar. Bayan shekara biyu, a 1975, Arline Bronzaft ta duba wata makarantar firamare a birnin, wadda gefenta ɗaya yake kallon layin dogo na sama. Jirgi yana wucewa kusan duk bayan minti huɗu da rabi, malami ya yi shiru har ya wuce. 'Yan aji shida na gefen jirgin sun kasance kusan shekara guda a bayan takwarorinsu na ɗaya gefen a karatu. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshen labarin. An sa roba a ƙarƙashin ƙarafan dogon, an sa silin mai shanye ƙara a azuzuwan, da aka sake aunawa sai tazarar ta ɓace. Ba a canza iyayen ba, ba a yi musu wa'azi ba. Haka aka gani a Munich ta Jamus lokacin da aka rufe tsohon filin jirgin sama aka buɗe sabo a 1992: yaran da suke kusa da tsohon suka farfaɗo a karatu da riƙe abu a ka, na kusa da sabon suka ja baya. Wani babban bincike na 2005 kan yara fiye da 2,800 a makarantun da suke kewayen filayen jiragen Landan da Amsterdam da Madrid shi ma ya nuna cewa ƙarar jirgi tana tafiya tare da raunin fahimtar karatu.

Yanzu ka tambayi kanka, wa yake zama a hawan ƙasa? Wa yake haya a bakin titi, a gindin masana'anta, a bayan tasha? A ko'ina a duniya shiru abin saye ne. Mai hali yana sayensa da fili da katanga da nisa daga hanya, marar hali ya ɗauki abin da ya saura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa ƙarar da take cikin aji kada ta wuce desibel 35 a ma'aunin ƙarfin sauti. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara sittin ko tamanin a ɗaki mai amsa-kuwwa, taga a buɗe, ajin maƙwabta yana rera darasi, ya san wannan lamba mafarki ce. Yaro yana buƙatar muryar malami ta ɗara hayaniyar ɗaki sosai fiye da yadda babba yake buƙata. Don haka ɗan talaka yana shan duka biyu: gida mai ƙara da safe, aji mai ƙara da rana, wani lokaci kuma da kunnen da ya riga ya rage.

Masu auna aikin ƙwaƙwalwa sun ga sawun wannan. A jami'ar Oregon da ke Amurka, a 2009, an sa yara ƙanana su saurari labari ɗaya alhali wani labarin yana tashi ta ɗaya gefen. 'Ya'yan iyaye mata masu ƙarancin karatu sun fi shan wuya wajen danne labarin da aka ce su ƙyale. A 2013 ɗakin binciken Nina Kraus ya gwada matasa 66 a Chicago, ya tarar ƙwaƙwalwar waɗanda suka fito daga irin waɗannan gidaje tana amsa sautin magana da rauni, da wani shuuu a ƙasa kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Ina karanta irin wannan sakamako da taka-tsantsan, domin na san yadda ake juya shi ya zama zagi. Matsakaici ake aunawa, kuma kowa ya san 'ya'yan talakawa masu kaifin kunne da kaifin kai da suka wuce kowa a aji. Sannan ƙwaƙwalwar yaro ɗanyen icce ne. Su dai mutanen Oregon ɗin, ƙarƙashin Helen Neville, sun yi wa iyaye da 'ya'yansu daga gidaje marasa hali horo na mako takwas kacal, suka ga wannan gwanintar ta saurare ta ƙaru.

Wannan ya kawo ni kan maganar da ta fi kowace yawo, wato giɓin kalmomi miliyan 30. Betty Hart da Todd Risley ne suka fitar da ita a 1995, bayan sun bi iyalai 42 a Kansas ta Amurka suna naɗar awa ɗaya a kowane wata. Suka ƙiyasta cewa kafin yaro ya kai shekara 4, ɗan masu babban aiki ya ji kalmomi kusan miliyan 30 fiye da ɗan masu karɓar tallafin gwamnati. Lambar ta yi daɗin faɗi, ta shiga bakin 'yan siyasa. Sai dai iyalai 6 ne kawai masu karɓar tallafi a cikin binciken, kuma ka yi tunanin yadda uwa marar hali za ta saki jiki ta yi hira alhali baƙo mai ilimi yana zaune a ɗakinta da na'ura. A 2018 Douglas Sperry da abokan aikinsa suka sake lissafi a wasu al'ummomi biyar, suka ƙirga har maganar kaka da yayye da wadda yaro yake tsinta a gefe, sai hoton ya canza, wasu gidajen talakawa ma sun fi na masu hali yawan magana. A shekarar dai, wani bincike kan yara 'yan shekara 4 zuwa 6, wanda Rachel Romeo ta jagoranta, ya nuna cewa abin da ya fi tasiri a ƙwaƙwalwa shi ne musayar magana, ka faɗa yaro ya mayar ka sake mayarwa, fiye da tulin kalmomin da aka zuba masa.

Ban ce hira da yaro ba ta da amfani ba, tana da shi ƙwarai, kuma kyauta ce. Abin da nake ƙi shi ne yadda hukumomi suke rungumar wannan bayani don ya fi kowanne araha. Buga takarda a ce "ki riƙa yi wa ɗanki magana" ba ya cin komai. Gyara silin aji, ɗaukar ma'aikacin jinya mai duba kunne, hana gina makaranta a bakin babbar hanya, waɗannan su ne masu taɓa baitulmali. Laifi tudu ne. An hango na uwar da ta dawo gida bayan awa goma sha biyu a tsaye, ba a ga na wanda ya ba da izinin kafa injin da yake girgiza bangon ɗakinta ba. Kuma me amfanin kalma dubu ga kunnen da mugunya ta cika?

Za a ce mini 'ya'yan masu kuɗi ma suna lalata kunnuwansu da abin sawa a kunne suna ƙure sauti. Haka ne, matasa fiye da biliyan ɗaya ne Hukumar Lafiya ta ce suna cikin wannan haɗari. Bambancin shi ne ɗan mai hali idan makinsa ya faɗi akan kai shi a duba, a saya masa na'urar ƙara ji, a nemo mai koya masa magana. Ɗan marar hali kuwa suna ake raɗa masa: daƙiƙi. Wani bincike na 1998 a Amurka ya tarar cewa cikin 'yan makaranta masu ɗan ƙaramin raunin ji, irin wanda ba a ma lura da shi, kashi 37 cikin 100 sun taɓa maimaita aji. Nawa ne cikin masu maimaita aji a duniya aka taɓa leƙa kunnensu?

Abin da nake kira a yi ba sabo ba ne, ba kuma mai wuya ba. A haɗa gwajin ji da ranar rigakafin farko, tunda uwa ta riga ta zo da jaririn. A duba kunnen kowane yaro a shekarar da ya shiga makaranta, a sake dubawa kafin a sa shi maimaita aji. A koya wa malamai alamomin, domin ni ba wanda ya taɓa gaya mini cewa karkata kai da kallon baki alama ce. A ɗauki kunne mai zubar ruwa a matsayin ciwon da ake kaiwa asibiti a ranar, magani kuma ya zama kyauta ga yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarin dala 1.33 ga kowane mutum a shekara zai isa a faɗaɗa kula da kunne, kuma kowace dala ɗaya za ta dawo da kusan 16 cikin shekara goma.

Ita dai yarinyar, na dawo da ita bencin gaba, ta gefen da kunnenta na dama yake fuskantata. Na daina magana ina kallon allo. Idan zan ba da aiki sai na kira sunanta, in jira ta ɗago. A shifta ta gaba ta rubuta kalma bakwai daidai cikin goma, ba tare da ta leƙa littafin kowa ba. Mahaifiyarta ta samo maganin ɗigawa, ruwan ya tsaya na wasu makonni. Da sanyi ya shigo sai na sake ganin audugar.